Kafin Matashi Ya Ɗauko Kwikwiyo

Da zarar an kawar da amfanin gona, rani ya kankama, duk mai bin hanyoyin ƙasar Hausa da sassafe zai riƙa cin karo da ayarin mafarauta. Mafi yawansu samari ne, da gora da barandami, wasu a ƙasa wasu a bayan a-kori-kura, kowa riƙe da igiyar karensa. A birane kuma wani sabon yayi ya shigo. A sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, saurayi kan yi ta tari har ya sayi kwikwiyon German Shepherd ko Boerboel ko Caucasian, ya ɗauki hotonsa ya sa a Facebook ko TikTok, abokai su yi ta yabawa. Tsakanin waɗannan biyu akwai yaron da ya tsinci kwikwiyo a bakin bola, ya rungumo shi ya shigo gida yana cewa, "Baba, don Allah a bar mini shi."

Su ukun nan, duk da bambancin aljihunsu, kaya iri ɗaya suka ɗauka. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13 idan ya samu kulawa. Wanda ya ɗauko kwikwiyo yana aji uku a sakandare zai iya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, har a ɗaura masa aure karen yana nan. A duk tsawon shekarun nan, cinsa da shansa da jinyarsa suna wuyan mai shi. Haka nan lafiyar duk wanda karen zai gifta, tun daga ƙanen da ke rarrafe a tsakar gida, da almajirin da zai yi sallama a ƙofa, da 'yar talla, har akuyar maƙwabta. Mafi yawan ɓarnar da ake ɗora wa karnuka a unguwanni, idan aka bi sawu, a ƙofar masu su take tsayawa.

Abin da aka karantar a zaure

Matashi Musulmi ba zai fara da komai ba sai da tambayar ko ya halatta. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun ba da damar riƙe kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona, sun kuma yi gargaɗin cewa wanda ya ajiye shi ba don irin wannan buƙata ba ladansa na raguwa kullum. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai tun kaka da kakanni, ta zo da wannan hukunci. Malamai sun tattauna batun gadin gida a inda ake tsoron ɓarayi, kuma ya kamata saurayi ya je gaban malaminsa ya ji bayani kafin ya sa kuɗinsa. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai an yi umarni da wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai.

Littattafan Bukhari da Muslim dai su ne suka kawo labarin mutumin da ƙishirwa ta kama a hanya, ya shiga rijiya ya sha, ya fito ya tarar da kare yana lasar ƙasa mai laima saboda ƙishi. Ya koma ciki, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da karen, Allah ya gafarta masa. Saboda haka yaran da ke taruwa su yi ta jifar kare a lungu har sai sun karya masa ƙafa, ba su da wata hujja a addini. Wanda bai da buƙatar kare ya bar shi ya wuce. Wanda kuma ya ɗauka, ya ɗauki amana.

Wane iri, kuma ina zai kwana?

Kuskuren farko a wajen zaɓe ake yinsa. Caucasian asalinsa kare ne na duwatsun Kokesas masu ƙanƙara, gashinsa ninki biyu ne. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, irin wannan kare yana cikin azaba idan ba a tanadar masa wuri mai sanyi ba. Kare ba ya gumi a jiki irin na mutum. Ta hanyar haki, da harshe a waje, yake fitar da zafi, sai ɗan gumin da ke fita a tafin ƙafarsa. Idan zafin ya fi ƙarfinsa sai ya yi ta haki ba ƙaƙƙautawa, yawu ya yi kauri, ya fara tangaɗi, ya faɗi. A irin wannan hali a kai shi inuwa, a jiƙa masa ciki da ƙafafu da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibitin dabbobi.

Karen gida da ake rainawa ya fi kowane dacewa da ƙasar nan. Gajeren gashi gare shi, ya saba da rana, ba ya cin abin da babban kare ke ci, kuma ya fi jure wa cututtukan da kaska ke kawowa. A kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, Buzaye sun daɗe suna riƙon wani dogon kare siriri mai gudun tsiya, wanda ke tsaron ruga yana kuma kamo zomo da barewa. Yau Turawa na kiwonsa a Faransa da Jamus, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin nau'o'in da ta amince da su a 2019. Abin da wasu ke tsallaka teku su nema, yana nan a Sahel.

Kafin a kawo kare, a shirya masa wuri. Yana buƙatar rumfa ko ɗan ɗaki mai iska, nesa da madafa da wurin salla da inda yara ke wasa, da daɓe wanda za a iya wankewa. Kejin ƙarfe da rufin kwano a tsakiyar rana ba makwanci ba ne. Sannan a nemi yardar maigida da uwargida, a kuma sanar da maƙwabta, domin su ne za su kwana da haushinsa.

Watanni huɗun farko

Kwikwiyo yakan buɗe ido bayan kwana 10 zuwa 14 da haihuwa, kuma bai kamata a raba shi da uwarsa ba sai ya cika mako 8. A nonon farko yake samun garkuwar da za ta riƙe shi kafin allura, a wajen wasa da 'yan'uwansa kuma yake koyon sassauta cizo. Masu sayarwa da yawa suna gaggawar rabuwa da su tun suna mako huɗu don kada su ci musu abinci. Irin waɗannan ne ke mutuwa a hannun yara cikin 'yan kwanaki, yaron ya yi ta kuka yana zaton sammu ne ko baki.

Sau da yawa abin da ya kashe shi cutar fabo ce, wadda aka fara ganewa a 1978, cikin ɗan lokaci ta game duniya. Kwikwiyo zai ƙi abinci, ya kama amai, sai gudawa mai jini da mugun wari, ruwan jikinsa ya ƙare cikin kwana biyu ko uku. Ƙwayar cutar tana iya zama a ƙasa watanni da dama, shi ya sa gidan da kwikwiyo ya mutu da ita, idan aka kawo wani nan da nan, shi ma sai ya bi. Akwai kuma distamfa, mai zuwa da majina da kwantsa da tari, daga baya ta taɓa ƙwaƙwalwa har kare ya riƙa karkarwa. Allura ɗaya ce ke haɗe da rigakafin waɗannan biyu da wasu cututtukan. Ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai kimanin mako 16. Kafin a kammala, kada a fita da shi yawo, kada a bari ya shinshina kashin wasu karnuka.

Maganin tsutsar ciki tun yana mako 2 ake farawa, domin yawancin kwikwiyoyi da tsutsa ake haifarsu. Ana ba su bayan kowane mako 2 har su kai wata 3, daga nan babban kare ya riƙa sha duk bayan wata 3. Wannan ba don karen kaɗai ba ne. Ƙwan tsutsar na fita a kashinsa ya zauna a yashi, yaron da ke wasan ƙasa ya kai hannu baki, tsutsar ta shiga jikinsa, wani lokaci har ta taɓa ido. Kwashe kashin kare kullum a binne, da wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, aikin mai kare ne ba aikin ƙannensa mata ba.

A kula da wanda zai yi allurar. Rigakafi a cikin sanyi yake rayuwa, wanda ya kwana a aljihu ko ya sha rana a kan babur ya riga ya lalace. Likitan dabbobi na gaskiya zai fito da shi daga firji ko akwatin ƙanƙara, ya ba da kati mai kwanan wata da sa hannu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, duk suna da asibitocin koyar da likitancin dabbobi, jihohi kuma suna da nasu asibitocin dabbobi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke aiki a can tun 1924, tana yin allurar rigakafin haukan kare, kuma can ake gwada ƙwaƙwalwar karen da ake zargi.

Ciwon da ba ya jira

Duk sauran cututtukan kare suna da sauƙi idan aka ajiye su kusa da ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizo ko yakushin kare ne, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a bayyane yake. Yara ne ke wasa da karnuka, su ne gajeru da cizo ke samu a fuska da wuya, su ne kuma ke ɓoye ciwo don tsoron faɗa.

Ƙwayar cutar a yawu take. Idan ta shiga ta rauni sai ta bi jijiya a hankali tana hawa har ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata 2 zuwa 3, amma tana iya zama mako ɗaya, tana iya kai shekara, kuma gwargwadon kusancin cizon da kai gwargwadon saurinta. Wannan jinkirin shi ke yaudarar mutane. Rauni ya warke, kowa ya manta, sai wata rana zazzaɓi ya zo da ƙaiƙayi a wurin tsohon tabon, sai firgita, sai maƙogwaro ya shaƙe da zarar an miƙo ruwa. Da alamun nan sun bayyana, kusan babu wanda ke tashi. Amma kafin su bayyana, ana iya tare cutar gaba ɗaya.

Ga abin da ya kamata kowane matashi ya haddace, ya kuma koya wa ƙannensa. Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko ya lashi wurin da ke da rauni, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai zuba har tsawon minti 15, a duba agogo. A shafa aidin ko sifirit idan akwai. Kada a sa toka ko barkono ko gashin karen da aka ƙona, kada a ɗaure. A tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, a fara allurar rigakafi, wadda ake yi a ranar farko, da ta uku, da ta bakwai, da sauran ranakun da likita zai faɗa, kuma a kammala ko da rauni ya warke. Idan cizon ya yi zurfi, akwai wata allurar garkuwa da ake yi a cikin raunin kansa. Karen kuma, idan an san shi, a killace shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, domin wanda ke ɗauke da cutar a yawunsa ba ya wuce kwanakin nan da lafiya. Ba a jiran ƙarshen kwana goman kafin a fara allura.

Maganganu biyu sun jawo asarar rayuka da yawa: "Ai kwikwiyo ne," da "Ai karen gida ne." Kwikwiyo yana ɗaukar cutar, karen gida ma da ke fita da dare yana ɗauka. Kuma ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizon duk abin da ya tarar ba. Wani shiru yake yi, ya laɓe a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai shi sai tausayi ya kama shi ya zura hannu zai ciro. Duk karen da halinsa ya sauya haka kwatsam, mai faɗa ya yi laushi ko mai laushi ya fara faɗa, a nisance shi a kira likita.

Allurar rigakafin haukan kare ba sabuwa ba ce. A ranar 6 ga Yulin 1885, a birnin Faris, aka kawo wa Louis Pasteur wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa cizo da yawa. Aka yi masa jerin alluran da Pasteur ya haɗa, yaron ya rayu har ya manyanta. Ranar da Pasteur ya rasu, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da haukan kare ta duniya.

Abin da ya fi allurar mutane sauƙi da arha shi ne allurar karnuka. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. An gwada wannan a Injamena, babban birnin Chadi, a 2012 da 2013, inda aka bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allura kyauta har aka wuce wannan adadi. Cutar ta ɗauke a birnin na tsawon watanni, sai daga baya karnukan da aka shigo da su daga waje suka dawo da ita. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Meziko ta kawar da mutuwar mutane daga ciwon hauka da ake ɗauka ta hanyar cizon kare, kuma da allurar karnuka ta kai ga haka. Burin da hukumomin duniya suka sa shi ne a kawo ƙarshen irin wannan mutuwa nan da 2030. Rabon saurayi a wannan aiki shi ne ya kai karensa a yi masa allura yana wata 3, ya maimaita duk shekara. Mafarauta sun fi kowa buƙatar wannan, domin karnukansu na gamuwa da dila da sauran namun daji, suna kuma cuɗanya da karnukan garuruwa da yawa a fita ɗaya.

Kasko da abin da ke cikinsa

Akwai masu cewa, "A bar shi da yunwa ya yi zafi." Yunwa ba ta koya wa kare gadi. Abin da take koya masa shi ne tsallake katanga, da bin bola, da kama kajin mutane. Babban kare yana buƙatar ci sau biyu a rana, kwikwiyo sau uku ko huɗu. Ba dole sai abincin buhu na kanti ba. Tuwo ko shinkafa da aka haɗa da dafaffen kayan ciki, ko kifi, ko ƙwai, ko wake da ya dahu sosai, da ɗan ganye, sun wadatar. Ƙanzo da ruwa kaɗai ba ya gina jiki. Kaskonsa daban, a wanke shi kullum, ruwan sha kuma kada ya yanke dare da rana.

Sauran abincin gida yana da nasa haɗari. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare idan ya ci da yawa. Cakulan da goro suna ɗauke da sinadaran da ke hargitsa bugun zuciyarsa. Inibi yana lalata masa ƙoda. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya yi tsini ya huda hanji. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su farasitamol da ibuprofen, suna iya kashe shi, don haka ba a ba kare magani sai wanda likitan dabbobi ya auna da nauyinsa.

Ɗanyen abu kuwa ya fi kowanne haɗari. A mayanka akan ga huhu ko hantar rago ko raƙumi da wasu ƙulle-ƙullen ruwa, mahauci ya yanke ya jefa wa karnuka. A cikin ƙullin nan akwai 'ya'yan wata tsutsa da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya shiga mutum ya yi irin wannan ƙulli a hantarsa, wanda sau da yawa sai da tiyata.

Labarin kurkunu ya isa misali. A 1986 an kiyasta mutum miliyan uku da rabi ne ke fama da shi a duniya. Cibiyar Carter ta jagoranci yaƙi da shi, Janar Yakubu Gowon ya zaga ƙauyukan Najeriya yana wayar da kai, har a 2013 aka tabbatar da Najeriya da Nijar sun rabu da shi. Ana ganin an kusa gamawa, sai ga shi ya ɓulla a jikin karnuka a ƙauyukan masunta da ke gaɓar kogin Shari a Chadi, inda a 2019 aka ƙirga karnuka sama da 1,900 masu ɗauke da shi. Abin da aka fi zargi shi ne ɗanyen kayan cikin kifi da ake zubar musu. Da mutane suka fara binne kayan cikin, suna kuma ɗaure karnuka nesa da ruwa a lokacin da cutar ke tashi, adadin ya yi ƙasa sosai. Yaron da ke zaune a bakin tafkin Chadi ko kogin Kwara ko wani dam, ya dafa duk abin da zai ba karensa.

Kaska, ƙuma da ƙazuwa

Damina lokacin kaska ce. Takan laɓe a cikin kunne, da tsakanin yatsu, da ƙarƙashin wuya, tana shan jini tana kuma zuba cututtukan da ke kawo zazzaɓi. Hanya mafi sauƙi ta gane lafiyar kare ita ce ɗaga leɓensa a duba dasashi. Idan ja ne mai haske, da sauƙi. Idan ya yi fari ko rawaya, jini ya yi ƙasa, sai asibiti. Ana cire kaska ta hanyar kama ta daf da fata a ja a hankali, ba a murƙushe ta da yatsu. Kuma wanke kare kaɗai ba ya isa, domin a tsagar bango da daɓe take yin ƙwai.

A damina ne kuma wani ƙuda ke ajiye ƙwai a ƙasa mai fitsari. Idan kwikwiyo ya kwanta a wurin sai tsutsar ta huda fatarsa ta zauna, jiki ya yi ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya. Busasshen makwanci mai tsabta shi ke hana wannan.

Maganin da ake yi da ka ya kashe karnuka fiye da kima. Ana shafa wa mai ƙazuwa baƙin man mota, ana yi wa mai kaska wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona. Fata na tsotse gubar, kare na lasar sauran, sai a ga yana zubar da yawu yana karkarwa. Yaron da ya yi wankan da hannunsa shi ma ya shaƙa. Akwai magungunan da aka yi don karnuka, na wanka da na ɗigawa a ƙeya da na haɗiya, kuma likita ne zai faɗi wanda ya dace da shekarun karen da nauyinsa.

Sarƙa da tarbiyya

Karen da ke ɗaure a gajeriyar sarƙa dare da rana, ba ya ganin kowa sai mai kawo masa abinci, shi ne ya fi zama haɗari. Tsoro da ƙunci ke taruwa a cikinsa, ranar da sarƙa ta tsinke kuwa ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabta. Duka ma haka yake yi. Karen da ya saba shan sanda yakan daina gurnani, ya koma cizo ba gargaɗi. Tsakanin mako 3 zuwa 12 na rayuwarsa ne kwikwiyo ke koyon abin da zai ɗauka a matsayin na gida, saboda haka a lokacin ne ake saba masa da mutanen gidan, da awaki da kaji, da ƙarar babur. Ana koya masa zo, da zauna, da bari, da murya ɗaya da ɗan abin tauna idan ya yi daidai, minti kaɗan kullum. Tsoffin mafarauta sun san wannan, shi ya sa karen gwani ke dawowa da kira ɗaya ko yana tsakiyar bin zomo.

Yana buƙatar motsa jiki kullum, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a igiya, a hannun wanda zai iya riƙe shi. Saurayin da ke sakin babban kare a layi don ya ga mata da yara suna gudu, yana cewa "Ba ya cizo," yana wasa da lafiyar mutane da kuma mutuncin gidansu. Yara kuma a koya musu kada su taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya mai shayarwa. Idan baƙon kare ya nufo yaro, ya tsaya cik, hannuwa a jiki, ya kawar da ido, kada ya ruga.

Karya takan yi ciki na kimanin kwana 63, kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane karo da 'ya'ya da yawa. Kwikwiyoyin da ake zubarwa a kwali a bayan gari su ne ke zama karnukan da ba su da mai su, ba su da allura. Wanda bai shirya wa 'ya'ya ba, ya killace karyarsa idan ta zo neman namiji, ko ya kai ta likita ya yi mata aikin hana haihuwa. Namiji ma ana yi masa fiɗiya a asibiti, da allurar kashe zafi, kuma hakan yakan rage masa yawon dare.

Ranar rabuwa ma tana buƙatar shiri. Samun gurbin karatu, ko tafiya ci-rani, ko ƙaura zuwa gidan haya inda ba a yarda da kare ba, duk suna zuwa wa matashi ba da daɗewa ba. Tun kafin lokacin ya nemi wanda zai karɓa, ɗan'uwa ko manomi ko makiyayi mai buƙata, ya kai karen da kansa, ya miƙa katin allurarsa, ya faɗi abin da yake ci, da ranar da ya sha maganin tsutsa na ƙarshe, da watan da za a maimaita masa rigakafin hauka.